Baƙin Mai: Me Ya Sa Ake Zuba Wa Kowace Mota 20W-50?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba da kuma masu son su karanta a nutse.

Yau maganar baƙin mai za mu yi, wanda ake zuba wa injin mota. Na san wani zai ce, to ni da ko keke ban ajiye ba, ina ruwana? Ka dai tsaya. Akwai motar gidanku, akwai babur ɗin da kake hawa, akwai janareto, kuma in sha Allah taka motar tana tafe.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko zancen, don da hannuna a ciki.

Ina da ƙani, ɗan ƙanin babanmu ne. Ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya zauna shekara biyu babu aiki. Dangi suka haɗa masa abin da ya samu, mahaifiyarsa ta sayar da ɗan filinta, ya cika da bashi, ya sayi mota Beljiyam 'yar Japan, ya shiga haya irin ta kiran waya ɗin nan a cikin Kano. Ranar juyen mai na farko ni na raka shi gareji. A jikin murfin da ake zuba man an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Ya nuna wa mai garejin, wani dattijo mai mutunci da ya haura shekara talatin yana wannan sana'a. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan rubutun na masu ƙanƙara ne. Nan Kano ce. In ka zuba wannan tsinkakken ruwan, kafin ka kai Wudil ya ƙone." Ya ɗiga 20W-50 a yatsa, ya murza, ya miƙo mana ya ce, "Taɓa ku ji jiki."

Ƙanina ya juyo ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Ni kuma, da digirina da komai, na ce, "Ai Baba ya fi mu sani, a zuba kawai."

Ba a cika shekara ba motar ta fara wata 'yar ƙara da safe, kar-kar-kar na ɗan lokaci in an tayar da ita, sai ta yi shiru. Daga baya fitilar inji ta kama a dashbod, motar ta yi nauyi, fetur ya daina isa. Da aka kai ta wurin mai na'urar bincike aka buɗe saman injin, sai ga wani baƙin abu ya daskare kamar kwalta, ya toshe 'yar ragar da mai ke bi. Gyaran ya cinye ribar wajen wata biyu, ga kwanakin da motar ta yi a ajiye, ga mai bashi yana kira. A gaskiya ba zan ɗora wa kaurin man laifin duka ba. Yaron yana jan lokaci kafin ya yi juye, kuma sau biyu ya sayi man awo na bakin titi da kuɗi suka yi masa ƙaranci. Amma farkon ɓatan hanyar ranar nan ce, ranar da murfi ya faɗa mana abu muka ƙi ji. Kunyar da na ji ita ta sa na zauna na karanci abin sosai, to shi ne na ce bari in kawo muku.

Da farko, mene ne ma aikin man? Mutane da yawa sun ɗauka santsi kawai yake sa wa ƙarfe. Eh, yana sa santsi, amma yadda yake yi shi ne abin lura. A cikin inji akwai ƙarfen da ke juyawa, wanda makanikai ke cewa karanshaf, yana kwance a kan metal. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. Famfon mai yana tura man cikin wannan ratar, sai ƙarfen ya riƙa juyawa a kan mai, ba ya taɓa ɗan'uwansa. Bayan haka man yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya zuwa, kamar ƙarƙashin fistin, yana wanke datti ya kai wa filta, kuma a motocin yanzu shi ne ke tura wasu sassa su motsa. Duk waɗannan ayyukan sai man ya gudana ya isa wurin a kan lokaci. In ya tsinke da yawa, ba zai iya riƙe ƙarfen ba, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. In ya yi kauri da yawa, zai makara, kuma ba zai zagaya da yawan da ake so ba.

Kuma kowane mai a duniya halinsa ɗaya: sanyi ya sa shi kauri, zafi ya tsinka shi. Duk wanda ya taɓa ganin manja ya yi barci a kwalba da hunturu, har sai an ajiye shi kusa da murhu, ya riga ya san rabin wannan darasin.

To lambobin fa? Wata ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, SAE, ta tsara su, tun 1911 ta fara rarraba mai bisa kauri. Ɗauki 5W-30. Lambobi biyu ne, kowacce da labarinta. Ta farko mai W tana faɗa maka halin man a cikin sanyi. W ɗin ba nauyi yake nufi ba kamar yadda wasu ke zato, harafin farko ne na kalmar Turanci mai nufin lokacin sanyi. Man da zai ci sunan 20W ana gwada shi ne a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20, 10W a 25, 5W a 30, shi kuwa 0W a digiri 35 ƙasa da sifili. Wato duk sanda lambar ta yi ƙasa, man ya fi saurin gudana idan injin bai yi zafi ba.

Lamba ta biyu ita ce kaurin man a digiri 100, wato kusan zafin da mai ke aiki a cikin inji. Ana aunawa da wani ma'auni da ake kira sentistok, wanda a kansa ruwan sha yake kusan 1. Mai lamba 20 yana tsakanin 6.9 da 9.3. Mai 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5. Mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Ba sai ka haddace ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a cikin inji mai zafi, 50 ya kusan ninka 20 sau biyu a kauri. Kuma 0W-30 da 5W-30 da 10W-30 duk ajinsu ɗaya idan inji ya yi zafi, bambancinsu da safe ne. Saboda haka wanda ya ga 0W ya ce "sifili, ai ruwa ne wannan" bai karanta lambar daidai ba.

A da can mai lamba ɗaya ake yi, kamar SAE 40 ɗin nan da har yanzu ya cika kasuwanninmu. A ƙasashen sanyi sai mutum ya zuba tsinkakke da sanyi, ya canja zuwa mai kauri da bazara. Wajen shekarun 1950 aka gano wasu sinadarai da ake zubawa a mai su rage masa saurin tsinkewa idan ya ji zafi, daga nan aka samu mai lamba biyu.

Yanzu mu dawo kan hujjar Baba, don ita ce hujjar kusan kowa: ƙasarmu da zafi, sai mai kauri. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ni ma na faɗa. Amma tambayi kanka, zafin Kano nawa ne? A watan Afrilu, lokacin da rana ta fi gasa mu, mu ce 40 zuwa 43. Shi kuwa inji, da zarar ya yi 'yan mintuna yana aiki, ruwansa yana wajen digiri 90, mansa kuma yana wajen 100. Haka yake a Kano, haka yake a Landan, saboda lagireto da fanka da ɗan bawul ɗin nan tamostat aikinsu ke nan, su riƙe injin a zafi ɗaya. Wanda ya ƙera injin da ya rubuta 5W-20 ba lissafin iskar waje ya yi ba, lissafin mai a digiri 100 ya yi. Kuma Amurkar da motocin nan ke fitowa ba duka ce ƙanƙara ba. Akwai jihohi irin su Arizona da zafin bazararsu ke haura 45, kuma wannan murfin dai shi ne a kan motocinsu.

Ga wani abin da ya fi ɗaure min kai da na gano shi. Man da Baba ya murza mana a yatsa, a wurin inji sanyayyen mai ne. A digiri 40, wato tsakar ranar bazara, 5W-20 yana wajen sentistok 50, ya ninka kaurin da injin ke so wajen sau biyar zuwa shida. Shi kuwa 20W-50 a wannan zafin yana wajen 150 ko fiye. To ka ƙiyasta asubahin hunturu, lokacin da Kano ke sauka wajen digiri 12 ko 13, balle Jos. Ka tayar da mota, famfo yana fama ya tura abu kamar zuma ta cikin ramuka ƙanana zuwa saman inji. 'Yan daƙiƙun nan kafin man ya iso, su ne ƙarar da ƙanina ke ji da safe. Yatsa ba ya iya auna abin da mai zai zama a digiri 100. Abin da yatsa ke ji daban, abin da metal ke ji daban.

Kar in yi wa Baba rashin adalci fa. Ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Ya koyi aiki ne a zamanin Fijo. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar gida, daga baya 505 ta biyo. Injinan wancan zamanin ratar da ke cikinsu ta fi faɗi, ramukan mansu manya ne, babu wasu na'urori masu aiki da mai, kuma man wancan lokacin yana saurin tsinkewa. A kan irin waɗannan injinan mai kauri shi ne daidai, kuma Baba ya ga hakan da idonsa shekara da shekaru. Ya koya wa yaransa, su ma suka koya wa nasu. Kiɗa ne ya canja, rawar ba ta canja ba.

Me ya canja? Ka duba saman injin Corolla ko Camry za ka ga an rubuta VVT-i, a Honda kuma i-VTEC. Toyota ta fara sa nata tun tsakiyar shekarun 1990, yau da wuya ka ga motar fetur da ba ta da irinsa. Tsari ne da ke canja lokacin buɗewa da rufewar bawul gwargwadon yadda ka taka mota, kuma da matsin baƙin mai yake aiki. Kwamfutar motar tana buɗe wata 'yar ƙofa, mai ya bi ta cikin raga mai ƙananan ramuka ya tura giyar taimin ta motsa cikin ƙiftawar ido. An lissafa komai a kan mai mai wani kauri. In ka ba shi wanda ya ninka haka, kamar ka ce mutum ya zuƙi kunun gyaɗa mai kauri da tsinken shan lemo ne. Zai zo, amma a makare. Haka abin da ke ɗaure sarƙar taimin a injina da yawa, shi ma da mai yake aiki. In akwai turbo kuwa abin ya fi tsanani, don sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana son mai nan take.

Wani zai ce ai da na zuba mai kauri matsin mai ya ƙaru, fitilar mai ta daina ƙiftawa. Gaskiya ne, yana ƙaruwa. Amma matsi ba shi ne yawan man da ke wucewa ba. In ka danne bakin tiyo da yatsa za ka ji ƙarfi ya ƙaru, ruwan da ke fita kuwa bai ƙaru ba. A inji ma in matsin ya wuce iyaka akwai bawul da ke buɗewa ya mayar da man ƙasa. Filta ita ma tana da tata ƙofar gefe, wadda ke buɗewa idan man ya yi kaurin da ba zai ratsa takardar da sauri ba, sai ya wuce ba a tace shi ba.

To shi ke nan tsinkakken mai ya fi kowane? A'a. Kada wani ya tashi daga nan ya je ya ɗura wa tsohuwar 504 ɗin kakansa 0W-20 ya ce ni na faɗa. Wannan ma ɓarna ce, wataƙila ma ta fi sauri. Manyan motocin dizal da yawa 15W-40 littafinsu ke kira. Babura masu sanyaya inji da iska suna yin zafi fiye da mota, da yawansu mai kauri ake rubuta musu, kuma tunda kulocinsu a cikin man yake wanka, sai ka nemi wanda aka rubuta wa JASO MA ko MA2 a jiki. Man mota na zamani yana iya sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Kowane inji da abincinsa.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata in faɗa, don masu bincike za su ci karo da ita. Wani ɓangare na dalilin da ya sa ake ta tsinka mai a Amurka da Japan dokokin rage shan fetur ne. Tsinkakken mai yana rage wa inji wahalar juyawa, sai ya ɗan rage sha. Ragin kaɗan ne, amma wanda yake yini a kan titi tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya san babu kaɗan a maganar fetur. Saboda wannan dalilin za ka iya samun inji iri ɗaya, littafinsa na Amurka ya ce 0W-20 kawai, littafinsa na wata ƙasar kuma ya kawo jadawali ya ce 5W-30 ko 10W-30 ma sun halatta. Wasu littattafan ma suna cewa in ana gudu mai tsanani ko ana jan kaya masu nauyi, wanda ya ɗan fi kauri zai iya fi dacewa. Kuma zafinmu ba a banza yake ba: cunkoson Kurna ko na Nyanya da rana tsaka, ga AC a kunne, ga mota cike da mutane, yana ɗaga zafin man sama da yadda aka saba. Don haka ni a ra'ayina, wanda murfinsa ya ce 5W-20 ya zuba 5W-30 mai kyau bai yi wani babban laifi ba, musamman in littafin injin ya ba da wannan damar. Taki ɗaya ke nan. Daga 20 a yi tsalle zuwa 50 kuwa, an tsallake aji biyu an faɗa na uku.

Bari in ba da misalai da motocin da suka cika titinmu, ina nufin waɗanda aka shigo da su daga Amurka. Corolla ta 2003 zuwa 2008, 5W-30. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake wa laƙabi da EOD da DC, 5W-20. Corolla daga 2010 zuwa 'yan shekarun baya, 0W-20. Camry mai silinda huɗu ta 2018, 0W-16, ajin da sai a 2013 ma aka ƙirƙiro shi. Ka ga a cikinsu babu mai neman 20W-50, amma je ka gareji goma ka ga abin da ake ɗura musu.

Yadda za ka san na taka motar ba wuya. Buɗe bonet ka duba murfin man. In babu rubutu, duba littafin motar. Na san yawancin Beljiyam ba sa zuwa da littafi, to ka rubuta sunan motar da shekararta a intanet, kamfanoni da yawa sun ɗora littattafan kyauta. Wayar da muke kwana a kanta muna musun ƙwallo za ta iya wannan aikin cikin minti biyar. Sai dai a kula da abu ɗaya da ya zama ruwan dare a wurinmu: motoci da yawa an taɓa canja musu inji. In haka ne, injin za ka bi, ba jikin motar ba. Ka sa makanike ya duba maka lambar injin.

Bayan kauri akwai inganci, kuma abubuwa biyu ne daban. Juya bayan galan za ka ga API da wasu haruffa biyu. S na fetur ne, C na dizal. Harafi na biyu kuma yana nuna zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A motar fetur sabon harafi yana maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Har yanzu za ka ga galan mai SF ko SG a kasuwa, ma'aunin shekarun 1980, ana zuba wa motar 2015. Masu motocin Turai kuma ku naku ya fi tsauri, don kamfanonin suna da lambobin amincewarsu, irin su VW 502 00 ko MB 229.5, sai ka ga lambar da littafinka ya kira a jikin galan ɗin. Shi kuma sintetik da ake ta faɗa ba kauri ba ne, yadda aka sarrafa man ne. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba. Maganar cewa in ka fara zuba shi ba ka isa ka koma ɗayan ba, ba ta da tushe.

Tambayar da na san tana zuwa: motata ta tsufa, tana shan mai, tana hayaƙi, makanike ya ce in koma mai kauri. To, in ringi ya cinye ko robobin bawul sun bushe, mai kauri zai iya rage shan da hayaƙin, ƙarar ma ta ɗan lafa. Amma rufa-rufa ce, ba magani ba. In aljihu bai kai gyara ba yanzu, a hau taki ɗaya, misali daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, a riƙa duba geji duk mako, a fara tara kuɗin aiki. Man da ke ƙonewa yana bi ta salansa ya kashe abin nan da makanikai ke kira indomi, wanda shi ma kuɗinsa ba wasa ba. In kuwa motar ta yi tafiya mai yawa amma ba ta sha, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, to babu dalilin canja mata komai don kawai ta tsufa.

Ɗan tsokaci a kan tamostat, tunda na ambace shi. Al'adar cire shi da zarar mota ta shigo ƙasar, a haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi, 'yar'uwar al'adar mai kauri ce, uwarsu ɗaya. Injin da ba ya kai zafinsa, mansa ba ya tsinkewa zuwa inda aka tsara, kuma raɓa da ɗan fetur da ke sauka cikin man ba sa ƙonewa su fita. Haɗa wannan da 20W-50 da jinkirin juye, ka samu kwaltar da muka gani a motar ƙanina. Nasa ma, da aka duba, a cire yake.

Duk wannan lissafin kuma banza ne in man jabu ne. Hukumar SON ta sha kama masu haɗa gurɓataccen mai suna ɗurawa a galan mai tambarin manyan kamfanoni. Lamba mai kyau a jikin roba ba ta nufin abin da ke ciki ya kai. Ka saya a gidan man kamfanin ko wurin dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, in farashin ya yi araha fiye da hankali ka ajiye. In an gama juye ka huda galan ɗin kafin ka bar shi, don masu jabu tsofaffin galan suke saye. Man awo na kwalba kuwa, wanda ba ka san sunansa ba balle lambarsa, ni dai ba zan ba kowa shawararsa ba. Sai in a hanya ne geji ya nuna man ya yi ƙasa sosai, a nan kam kowane mai na kirki ka samu ka ƙara, don mai da ba daidai ba ya fi babu, in ka isa gida ka juye.

Wa'adin juye ma a duba littafi, amma a duba ɓangaren da ya yi maganar aiki mai wahala, don ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye duk a nan suka faɗa, mu kuwa su ne rayuwarmu. Littattafai da yawa a wannan yanayin suna kiran tsakanin kilomita 5,000 da 8,000, ko wata 6. In motarka 'yar Amurka ce, lura da cewa agogonta mil yake ƙirgawa, kuma mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Mutane da yawa suna wuce wa'adi ba su sani ba saboda wannan. Baƙin da mai ke yi kuma ba shi ne alamar ya mutu ba, dattin da ya wanko ne yake riƙe da shi.

Na san galan ɗin 5W-20 ko 0W-20 na gaske ya fi 20W-50 tsada, wani lokacin nesa ba kusa ba, kuma na san halin da ake ciki. Amma kafin ka yanke hukunci ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tambayi kuɗin injin motarka, sannan ka raba bambancin kuɗin man a kan watannin da zai yi maka.

Mun koma wurin Baba bayan an gama gyaran, don har yanzu shi ke yi wa ƙanina aikin ƙafa da birki, kuma a wannan fannin ban ga kamarsa ba. Wannan karon da galan ɗinmu muka je. Na buɗe masa shafin littafin a waya na ce, "Baba, ga abin da masu motar suka rubuta, a taimaka a zuba mana wannan." Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To, ku 'yan boko. Motarku ce." Ya sa yaronsa ya zuba, muna tsaye har aka ɗaura sabuwar filta. Tsohuwar 504 ɗinsa tana gefe a ƙarƙashin darbejiya, ita kam 20W-50 take sha har gobe, kuma lafiyarta ƙalau.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.